Jinin da Babanmu Bai Sha Ba

Ranar wata Talata ce a watan Oktoba, shekarar da na shiga aji biyu na sakandare, aka wayi gari da ruwa irin na Duwala, wanda ba ya sallama kuma ba ya bankwana. Tun asuba muke kwasar ruwa daga tsakar gida ni da Inna, ita da bokiti ni da tsohuwar roba, domin lambatun bayan gidanmu ya cika ya fara dawo mana da abin da muka zuba masa jiya. Sai da ruwan ya tsagaita na samu na sa kayan makaranta, na ƙulle takalmana a leda na rataya a wuya, saboda a unguwarmu ta New Bell ba mai taka taɓo da takalmi sai wanda bai san zafin sayensa ba. A zaure na iske Baba ya riga ya fara aiki. Pa Mbela, wani ƙaton ɗan dako da ke sauke buhuna a tashar jiragen ruwa, yana zaune a kan turmin da aka kife, ya tuɓe riga, ƙahoni sun jeru a gadon bayansa. Baba ya sunkuya ya kafa baki a tsinin ɗaya yana zuƙe iska. Na durƙusa na ce na tafi, ya ɗaga mini hannu bai ko ɗago ba. Abin da na gani ke nan da zan fita daga gida, abin da na faɗa ke nan da aka tambaye ni a aji. Ina so wannan ya zauna tun daga farko: ban yi ƙarya ba, ban yi laifi ba, kuma har gobe ba zan ce na yi ba.

Babanmu wanzami ne ɗan wanzami. Mahaifinsa ne ya biyo fataken shanu daga ƙasar Kano tun unguwar tana fadama da 'yan bukkoki, ya ga akwai kawunan da ke son aski da bayan da ke ciwo, ya sauke zabirarsa bai sake komawa ba. A gidan katakon da ya kafa aka haifi Baba, a nan mu ma aka haife mu. Ba mai kiran Baba da sunansa, daga liman har mai sayar da gawayi Wanzam suke ce masa. Yana aski, yana yi wa yara kaciya, amma ƙaho ne ya fitar da sunansa har wajen unguwar Hausawa. Ga wanda bai taɓa gani ba, aikin ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Ƙaramin ƙahon saniya ne da aka huda tsininsa. Wanzami zai kifa shi inda ke ciwo, ya zuƙe iskar ciki da baki, ya toshe hudar da ɗan danƙo, fata ta tashi. Sai ya cire, ya yi 'yan tsage-tsage da aska, ya mayar da ƙahon ya sake zuƙa ya toshe. In an jima ya ɓamɓare shi, ya juye baƙin jinin da ya taru a wani kasko mai toka. Jini ba ya zuwa ko kusa da bakinsa, kuma Baba mutum ne da in nama bai gama dahuwa ba sai ya ture kwanon.

Zaurenmu ba na Hausawa kaɗai ba ne. 'Yan dako, masu tura amalanke, direbobin tasi, 'yan ƙabilar Basa da Bamileke da 'yan asalin Duwala, duk sukan shigo riƙe da ƙugu su fita suna miƙa. Ranar Lahadi in an taso daga coci har benci muke arowa a maƙwabta. Faransancin Baba bai wuce na gaisuwa ba, amma yana da Pijin mai kauri, da shi yake tsokanar ƙartin da ke iya ɗaukar buhun siminti a ka amma su runtse ido in sun ga aska. Ni ce mai wanke ƙahonin. In na dawo makaranta in ɗora ruwa ya tafasa, in dirje su da toka da soso, in jera su a kan kwanon ɗakin girki su sha iska. Abin da ke cikin kaskon kuma in haƙa rami a gindin gwandar bayan gida in binne, domin Baba yakan ce, "Jinin mutum ba shara ba ne, ba a zubar da shi inda kare zai lasa." Sai na gama wannan nake fita layi, mu yi 'yar gala-gala, mu yi ndoshi, wasan nan da ake jifan wadda ke tsakiya da ƙwallon tsumma tana gocewa, har a kira la'asar mu ruga makarantar allo da taɓo a ƙafa. Ban taɓa sanin akwai abin kunya a aikin gidanmu ba.

Makarantarmu ta masu Faransanci ce, Turanci darasi ne kawai a cikin darussa, kuma yawancin 'yan ajinmu kamar maganin zazzaɓi suke shan sa. Ni kuwa ina son sa. Malamin, Mista Tabe, dogo ne siriri mai tsabta, ko ana ruwa da ƙanƙara ba ka ganin ɗigon taɓo a wandonsa, yadda yake yi Allah kaɗai ya sani. Ya yi suna da cewa duk abin da ya koyar ba ya fita kan yaro, domin waƙa yake mayar da shi, yana buga tebur da sanda muna amsawa. A wannan Talatar darasin shi ne abin da ya kira past continuous, wato yadda ake ba da labarin aikin da mutum yake tsaka da yi a baya lokacin da wani abu ya faru. Ka ɗauko was ko were, ka liƙa wa aikin jelar ing, shi ke nan. Ya zana dogon layi a allo ya ce wannan shi ne aikin da ake cikin yi, ya datse shi da gajeren layi ya ce wannan shi ne abin da ya katse shi. Na gane nan take, har ina jin daɗi a raina. Daga nan ya ce kowa zai tashi ya faɗa mana abin da babansa yake yi lokacin da ya fito daga gida da safe.

A ranar na gano ashe duk iyayen 'yan ajinmu masu karatun jarida ne. Wannan ya tashi, babansa yana karanta jarida. Waccan ta tashi, babanta yana karanta jarida yana shan kofi. Har ƙawata Solanj, wadda muke tafiya tare kullum, wadda na san babanta ko sunansa ba ya iya rubutawa, ita ma jarida ta miƙa masa. Ni kuwa tun da aka fara nake ta haɗa tawa jimlar a zuci, ina juya ta, ina murna na tuna kalmar ƙaho da muka gani a wani karatu kan shanu. Da layi ya zo kaina na miƙe na ce, "My father was pulling bad blood from a man's back with a horn." Babana yana cire mataccen jini daga bayan wani mutum da ƙaho. Mista Tabe ya sauke sandarsa, ya tambaye ni da Faransanci yaya ake cire jini da ƙaho. Na zaci sha'awa abin ya ba shi. Na yi masa bayani dalla-dalla har da nuni da hannu, na ce da baki ake zuƙe iskar. Ya ce, da baki? Na ce e, iskar. Ya yi wata dariya ta hanci, ya juya ya ɗauki alli, ya rubuta da manyan baƙaƙe: Rabi's father was drinking blood when she left the house. Baban Rabi yana shan jini lokacin da ta fito daga gida.

Na ce, "Mista, ba haka na ce ba." Ya ce, "Tais-toi, rufe mini baki, wannan ta fi sauƙin riƙewa." Ya buga tebur, aji ya ɗauka. Ya sa aka mayar da ita tambaya, sashen dama su tambaya sashen hagu su amsa. Ya sa aka yi ta da jam'i, sai ga shi ba Baba kaɗai ba, Hausawa ne gaba ɗaya suke shan jini lokacin da ruwa ya sauko. Da aka zo kan korewa, inda za a ce baban Rabi ba ya shan jini, wadda ita ce kaɗai gaskiyar da aka faɗa a ajin nan ranar, sau ɗaya aka yi ta cikin shewa aka wuce. Akwai 'yan unguwarmu a ajin, suka sunkuyar da kai, wani ma na ga bakinsa yana motsi tare da na sauran. Na ƙi buɗe baki, ya ce in durƙusa a gaban allo tunda na fi ƙarfin darasi. Haka na ƙare awar a ƙasa, sunan ubana a saman kaina, yara suna kaɗa benci. Shekaru sun shuɗe, na yi aure na haihu, amma har yanzu ƙarar bencin nan tana cikin kunnena.

Da yamma na faɗa wa Inna, ta ce in yi haƙuri, surutun yara ne, kwana biyu za su samu wani abin. Baba ma dariya ya yi. Ya ce, "Ki ce masa ya zo in kafa masa a ƙeya, da alama nasa ya yi masa yawa a ka." Su biyun ba su san Mista Tabe ba. Abin da ya koyar ba ya fita kan yaro. Kafin mako ya zagayo waƙar ta bar ajinmu ta shiga filin makaranta, 'yan aji ɗaya da ba su kai darasin ba ma sun haddace. In na zo wucewa sai yara su dafe wuya su ruga. Aka daina sa ni a ndoshi. Matar da ke sayar mana da fanke da wake a bakin ƙofa ta ce in ajiye kuɗin a kan tebur, ba ta karɓa daga hannuna. Solanj ta fara fita gida da wuri don kada mu haɗu. Da aka yi gwajin ƙarshen wata, ga jimlar nan a takardar tambaya, an bar gurbi a cike. Na cike da cewa ba ya sha, aka soke mini da jan biro, duk ajin suka ci wannan tambayar ban da ni.

Wanda bai zauna Duwala ba zai ce ai wasa ne. A garin nan maganar masu shan jini ba wasa ba ce. Mujiya ta sauka a kan kwanon gida, sai a kwana ana addu'a. Yaro ya rame, sai a fara duba tsofaffin layi ana ƙus-ƙus. Mista Tabe ya san wannan sarai, a garin yake zaune, ba daga sama ya faɗo ba. Yara suka kai waƙar gida, iyaye suka tambayi ma'anarta, aka fassara musu, aka ƙara da cewa ai a makaranta aka koyar, malami ne da kansa ya rubuta a allo, kuma 'yar mutumin ce ta tona. Wa zai yi musu da abin da aka rubuta a allo da Turanci? Benci ya daina cika ranar Lahadi. Direbobin tasi suka ɗauke ƙafa. Pa Mbela, wanda ya yi shekara da shekaru yana zama a kan turminmu, wanda Inna ke zuba wa tuwo in ya tarar ana ci, ya koma bin ta bayan masallaci in zai je aiki. Wata rana na yi kiciɓis da shi na gaishe shi, ya amsa yana kallon wayar lantarki.

Sai a lokacin Baba ya daina dariya. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a da hula, ya ce in raka shi makaranta tunda ni ce mai jin yarensu. Muka daɗe a tsaye a barandar ofishin shugaban makaranta, ga kujeru a ciki ba wanda ya ce ya zauna. Da aka kira Mista Tabe, Baba ya gaishe shi da ladabi kamar yadda ake gai da malami, ya ce abu ɗaya ya kawo shi. Yana roƙon malamin ya tsaya gaban yaran nan ya gaya musu maganar ba haka take ba, in kuma yana shakka ya zo zaure ya gani da idonsa. Ni nake juya maganar zuwa Faransanci. Mista Tabe bai dubi Baba ba, ni ya duba ya ce, "Dis à ton père que c'est juste un exemple." In gaya wa babana misali ne kawai. Na gaya masa. Baba ya ce, "Tambaye shi, Rabi. Tunda misali ne, me ya hana ya yi da nasa uban?" Na tambaye shi kuwa, ban rage ko kalma ba. Shugaban makaranta ya miƙe ya ce ba a zo nan don cin mutuncin malamai ba, kuma ai an wuce wannan darasin, yanzu wani babi ake. A hanyar komawa, da muka zo tsallaka lambatu, Baba ya riƙe mini hannu kamar wata 'yar yaye.

Ba a daɗe ba ƙanen wata 'yar ajinmu ya kwanta. Zazzaɓin sauro ne, irin wanda ke kayar da yaran New Bell duk damina, amma da aka kai shi asibiti aka ce wa uwar yaron ba shi da jini. Kalmar ke nan da ta riƙe. Aka tuna mata cewa ta ƙofarmu yaron ke bi in an aike shi kasuwa. Da rana tsaka, ina tsugune ina dirje ƙahoni, muka ji hayaniya ta cika layi. Mata ne da samari, uwar tana gaba ɗankwali a ƙugu, tana ihu a dawo mata da jinin ɗanta. Ana watsa gishiri a bakin zaure, ana jifan kwanon gidanmu, wasu yara kuma a gefe suna rera waƙar Mista Tabe, Turancinsu tsaf babu kuskure. Ban ga laifin matar nan sosai ba, ɗanta ne a kwance. Wanda na gani shi ne Pa Mbela a can bayan taron, ya harɗe hannu. Da ya ɗaga rigarsa kawai ya nuna musu bayansa, ya ce ga ni nan da raina, shekara nawa mutumin nan yana yi mini, da wataƙila an watse. Bai ɗaga ba. Samarin unguwarmu suka fito da sanduna, saura ƙiris a zubar da jinin gaske, sai da liman da wasu dattawa suka shiga tsakani aka janye matar tana kuka.

Abin da ya fi ci mini rai ba wannan ba ne. Bayan la'asar dattawan unguwa suka zo zaurenmu, Alhaji Sule mai shagunan atamfa ne bakinsu. Ina bayan ƙyaure ina ji. Na ɗauka sun zo su ce gobe za su ɗunguma makaranta gaba ɗaya. Sai na ji Alhaji Sule yana cewa, "Wanzam, ka san mu baƙi ne a garin nan. In aka taso, shagunan mutane ne za su ƙone. Ka ajiye ƙahon nan, ka riƙe aski, a zauna lafiya." Baƙi! Mutumin da aka binne cibiyarsa a bayan wannan zauren ake ce wa baƙo. Kuma Alhaji Sulen nan duk wata sai ya aiko an kira masa Baba har gida, in an duba ƙeyarsa a lokacin ma shaidar tsaga tana nan ba ta gama warkewa ba. Sauran suka yi ta gyaɗa kai, kowa na jan carbi, kowa na cewa haƙuri. Ba wanda ya ce Wanzam an zalunce ka. Haƙurin da aka ba Baba a yammacin nan, da ana sayar da shi da ya buɗe shago kusa da na Alhaji Sule. Baba ya saurare su har suka gama, ya ce ya ji, ya raka su bakin ƙofa.

Washegari bai shimfiɗa buzunsa a zaure ba. Ya ce wa Inna hannun da aka ce bai dace da ƙaho ba, ba zai riƙe aska a kan kowa ba. Inna ta yi magiya, liman ya dawo shi kaɗai ya ce ba haka ake nufi ba, Baba ya ce ya gode. Kayan aikin duka ya ba wani bafatake da zai koma arewa, ya sayi faranti ya fara kasa goro a bakin masallaci, mutumin da sarakunan kasuwa ke cire wa hula su miƙa masa kai. Yaron nan mai zazzaɓi kuwa aka ƙara masa jini a asibiti, aka ba shi magani, ya warke, na sha ganinsa yana buga ƙwallo. Ba wanda ya tako ya ce a yafe. Ni na ce ba zan koma makarantar ba, a nan ne kaɗai Baba ya ɗaga mini murya. Ya ce, "Sun kore ni daga zaurena, ke ma za ki bar musu bencinki? Maza ɗauki jakarki." Na koma na zauna gaban Mista Tabe har shekara ta ƙare. Na ci Turanci fiye da kowa a ajin, ba don ina son sa ba kuma, don haushi. Ranar da yake raba sakamako ya ce wa aji su yi koyi da ni, ga amfanin kulawa da darasi. Na tabbata har ga Allah ya manta abin da ya yi.

Yau ni ma Turanci nake koyarwa a wata makaranta a unguwar Ndogbong. Duk shekara in na iso wannan babin, misalaina ba sa wuce akuya da ruwan sama. Akuya tana cin rogo lokacin da ruwa ya sauko. Yara suna ce mini Madam Akuya a bayan idona, na sani, su yi ta faɗa. Ban taɓa tambayar ɗan kowa abin da ubansa yake yi a gida ba. Kwanan baya na bi ta unguwar Bali na ga wani shago mai gilashi da na'urar sanyi, an rubuta hijama a jikin allo, an jera hotunan bayan mutane da ƙananan kofunan roba. Ƙaho ne, ba wani abu ba. Manyan motoci a ƙofar, masu gicciye a wuya da masu carbi a hannu suna jiran layi, wata yarinya mai farar riga tana rubuta sunaye. Na tsaya a bakin titi ina kallo har mai babur ya yi mini tsawa.

Baba ya rayu har ya ga ɗana na fari. Ranar suna aka rasa wanzami a unguwar da za a kira ya aske jariri, sai da aka nemo wani saurayi daga shagon aski na bakin titi, ya zo da reza a takarda. Inna ta dubi Baba, ni ma na dube shi, na ce, "Baba, jikanka ne fa." Ya girgiza kai. Ya zauna a kan tabarma kusa da su, saurayin yana ta kankarar kan yaron a bushe, yaron yana tsala ihu. Baba bai ce gyara nan ba, bai ce jiƙa can ba. Hannunsa na dama kawai na gani a kan gwiwarsa, babban yatsa yana tafiya a hankali daga goshi zuwa ƙeya a kan ƙyallen rigarsa. Da saurayin ya yanki yaron a bayan kunne, Baba ya tashi ya fita, bai dawo ba sai da aka watse.

Zauren nan yanzu an toshe ƙofarsa ta ciki, wani ya kama haya yana cajin waya. A da in ka bi layinmu da safe za ka ji Hausa da Pijin da Basa suna fitowa ta ƙofa ɗaya, ƙato yana rantsuwa ba zai sake zuwa ba, Baba yana ce masa sai wani watan. Yanzu kowa ya san iyakarsa, ana gaisawa daga nesa. Mutane sukan ce mini abin ya wuce, in bar shi. Ɗana ya girma, akwai ɗan tabo a bayan kunnensa inda gashi ba ya fitowa, ni nake ganin sa duk safiya in zai tafi makaranta. A wurinsu ne ya wuce.